Injin niƙa ɗaya yana isar unguwa

A Madawa, Buza da Keita, yaro kan rame, ya yi ta shan ruwa da fitsari, a ce sammu ne. Sau da yawa ciwon suga ne, irin wanda garkuwar jiki ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin.

Masu bincike suna bin sawun wannan ɓarna da na'urar da ke jera ƙwayoyin jini ɗaya-ɗaya gaban hasken leza, ta ƙirga su, ta ware su. Da irinta ake ƙirga CD4 na masu sida. Tana da tsada, gaskiya ne. To, gida nawa ke da injin niƙansa? Ɗaya ake kafawa, kowa ya kai hatsinsa.

Haka muke so: labo ɗaya a Tawa, da sola da ƙwararren ma'aikaci, Jami'ar Djibo Hamani da asibitocin nan uku su yi tarayya.

Wasu za su ce awon suga ma yana gagarar talaka. To, a ba mu duka biyun! Ran 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, kar mu tsaya ga jawabi. Mu tambayi hukuma: ina labonmu?