Umarnin Alƙali a Shari'ar Cin Hanci

A watan Mayun 2024 aka tantance mutum 12 da za su taya alƙali yanke hukunci a shari'ar Sanata Bob Menendez, a kotun tarayyar Amurka da ke Manhattan. Mai shari'a Sidney Stein ya yi kwanaki yana yi wa mutanen gari tambayoyi, don a tsame duk wanda ya riga ya yanke hukunci a ransa. Ranar 16 ga Yuli mutanen 12 suka sami Menendez da laifi a dukkan tuhume-tuhume 16, ciki har da karɓar sandunan zinare.

A ganinmu, abin da ya fi tantancewar nauyi shi ne umarnin da alƙali ke karanta musu kafin su shiga ɗaki su rufe ƙofa. Dole ya fayyace wa mutanen gari irin su direba da malamar asibiti abin da doka ta kira cin hanci, dalla-dalla, ba ƙari ba ragi. Misali, a 2016 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin tsohon gwamnan Virginia, Bob McDonnell, saboda umarnin alƙalin shari'arsa ya faɗaɗa ma'anar aikin ofis har ya haɗa da shirya ganawa kawai. Ba a musanta cewa ya karɓi agogon Rolex ba, amma daga baya gwamnati ta janye ƙarar.