A Bar Matasanmu Su Karanta Labarin Monique

'Yan'uwa, wasu iyaye suna ganin bai dace matasa su karanta littafin da ke maganar kisan ƙare dangi ba. Mu kam ba mu yarda ba.

A 2008 Uwem Akpan, marubuci ɗan Nijeriya, ya fitar da Say You're One of Them. A ciki akwai ƙagaggen labari kan Ruwanda ta 1994, inda aka hallaka mutum kimanin 800,000, yawancinsu Tutsi, cikin kwana 100. Monique, 'yar shekara 9, ita ke ba da labarin. Ubanta Hutu, uwarta Tutsi. Dangin uban suka tilasta masa ya sare matarsa a gaban 'ya'yansa. Monique ta tsira da ƙanenta.

Matashi zai manta adadi, amma da wuya ya manta yarinyar nan, domin makashin daga cikin gida yake. Kuma abin kunya, har cikin majami'u aka yi kisan. A Ntarama kaɗai an kashe kusan 5,000.

Labarin yana da nauyi, ba na ƙananan yara ba ne. Waɗanda suka tasa kuwa, uba ko uwa su zauna su karanta tare da su.