Sharhi: Laifin ɗalibi ne ko na makaranta?



Duk lokacin da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, ba a ɓata lokaci wajen yanke wa wanda ya faɗi hukunci. Daƙiƙi ne, in ji uba. Waya ce ta ɗauke masa hankali, in ji uwa. Ba kasafai ake tambayar irin ajin da ya zauna ba.

Gardamar ta daɗe. A shekarar 1966 wani masani a Amurka, James Coleman, ya jagoranci bincike kan ɗalibai wajen dubu 600, ya gano cewa gidan da yaro ya fito ya fi makarantarsa tasiri a kan ƙoƙarinsa. Amma a 1983 wasu masana biyu, Heyneman da Loxley, suka duba ƙasashe 29, suka ce a ƙasashe matalauta ingancin makaranta da na malami ne ke rinjaye.

A ganina, maganar ta biyu ce tamu. Leƙa wata firamaren gwamnati da hantsi. Tsarin ilimi na Najeriya ya ce yara 35 ga malami ɗaya, amma sai ka tarar sun haura ɗari, wasu a ƙasa kan buhu, wasu a bakin taga. Ga yarinya can baya, sai da ta sayar da ƙosai kafin ta zo, ko allon ba ta hangowa. Talla da yunwa daga gida suke, wannan gaskiya ne. To amma ɗan mai hali, in malami ya gaza, akwai mai lesin da littattafai suna jiransa a gida. Ɗan talaka kuwa, abin da ya tsinta a aji shi ke nan.

Shi malamin fa? A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin dubu 33 jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da dubu 21 suka kasa kai makin da aka gindaya. An yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda aka gudanar da ita, har da yajin aiki, amma yaran da suka ratsa waɗancan azuzuwa ba su suka ɗauki malaman aiki ba.

Iyaye, kafin ku ɗauki bulala, ku je makarantar ranar Litinin. Ku ƙirga kawunan da ke ajin ɗanku, ku tambayi hedimasta malamai nawa suka zo aiki.