A ba mu jirgin da ba shi da abin kallo

A littafin da nake koyar da ƴan CM2 darasin sufuri akwai hoton jirgin ƙasa guda ɗaya tak. Jan jirgi ne a kan wata doguwar gada tsakanin duwatsu biyu, ƙanƙara ta rufe kawunansu, can ƙasa kuma ga kogi yana gudu. Na daɗe ina nuna hoton nan ga yaran da ba su taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsu ba, kuma kusan kowace shekara sai an sami wanda zai ɗaga hannu ya ce, “Mushe, ashe shi ya sa ba mu da jirgi, tunda ba mu da duwatsu?” Da can dariya nake yi. Yanzu na daina, don na lura manya ma da hoto suke auna jirgi.

Masu rubutu kan yawon buɗe ido suna da al'adar jera hanyoyin jirgin ƙasa daga mafi kyaun kallo zuwa mafi muni. Waɗanda ke zuwa a ƙarshe sanannu ne: wadda ta nutse cikin rami ba ka ganin komai sai duhu, wadda ta miƙe a fili babu tudu babu kwari, wadda ta bi ta bayan masana'antu ko tsakanin katangun da aka gina don tare ƙara. Da na zauna na dubi waɗannan hanyoyi da ake kushewa, sai na tarar galibinsu su ne ke ɗauke da jama'a da kayansu. Masu kyaun kallon kuwa da yawansu sun koma abin shaƙatawar masu kuɗi.

Mu ɗauki ƙasar Suwis, inda nake kyautata zaton can aka ɗauko hoton littafin namu. Tun 1882 suke da hanyar jirgi da ke ƙetare duwatsun Gotthard zuwa ɓangaren Italiya. Jirgin yakan hau har sama da mita 1,100, yana kewaye cikin dutse kamar igiyar da ake naɗewa, ta yadda fasinja kan ga cocin wani ƙauye mai suna Wassen har sau uku, kowane gani daga wani gefe dabam. Duk mai neman abin kallo ya samu. To amma mutanen ƙasar da kansu suka kaɗa ƙuri'a a 1992 cewa a haƙa musu wata hanyar ta gindin dutsen. Aka shafe shekara 17 ana haƙa, aka kashe kuɗin Suwis sama da miliyar 12, aka buɗe a watan Yunin 2016. Tsawon ramin kilomita 57 ne, babu ramin jirgi da ya kai shi a duniya. Wanda ya shiga zai yi wajen minti 20 ba ya ganin komai a gilashi sai fuskarsa. Wato mutanen da suka fi kowa abin kallo ne suka biya dukiya mai yawa don a raba su da shi.

Ba hauka suka yi ba. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, ba ta da riƙo irin na tayar mota a kan gudro. Wannan santsin shi ne albarkar jirgi, don shi ke sa kan jirgi ɗaya ya ja kayan da kamyo gommai za su raba. Shi ne kuma rauninsa: da ya ga hawa sai ya sare. A tsohuwar hanyar Gotthard, a kowace mita 100 jirgi na hawa fiye da mita biyu da rabi, abin da mai babur ba zai ma lura da shi ba, amma jirgin kaya sai an ƙara masa kai na biyu, wani lokaci har da mai turawa daga baya. Sabon ramin bai wuce mita 550 daga matakin teku ba, kusan a kwance yake. Duk abin da ke faranta wa ido rai a hanyar jirgi, hawa, gangara, kwana, gada a kan kwazazzabo, shi ne abin da ke cin wuta da lokaci da kuɗin gyara, kuma a ƙarshe a tikitin fasinja ake cire shi.

An ma gwada abin ba da niyya ba. A watan Agustan 2023 ƙafar wani taragon kaya ta karye cikin ramin, jirgin ya kauce, dogo ya lalace mai nisa. Sai a Satumban 2024 aka kammala gyara. A tsakanin nan akasarin jiragen fasinja suka koma tsohuwar hanya, aka mayar wa mutane da cocinsu da duwatsunsu, tafiya ta ƙaru da kusan awa guda. Ma'aikacin da ke bin hanyar sau biyu a mako, ban ga alamar ya yi godiya ba.

Har yanzu a Suwis ɗin akwai jirgin da ake kira Glacier Express, mai rufin gilashi, wanda ke cinye kusan awa 8 a tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba. Su da kansu suna tallarsa da cewa babu jirgin sauri mai nawa kamarsa. Ba ni da ja da wannan. Wanda ya tara kuɗinsa yana son ya zauna ya kalli ikon Allah ta taga, Allah ya ba shi lafiyar kallo. Sai dai wannan ba sufuri ba ne, sinima ce mai ƙafafu.

Ramin Gotthard aƙalla minti 20 ne ka fito. A kudancin Ostireliya akwai wani fili da ake kira Nullarbor, sunan da aka ɗauko daga Latin, ma'anarsa babu itace. A nan dogo ya miƙe kilomita 478 ba tare da ya karya kwana ko sau ɗaya ba. Ku kwatanta: ka tashi daga Yamai, ka wuce Dosso, ka wuce Dogondutsi, ka wuce Birnin Konni, ka doshi Madawa, direba bai taɓa juya sitiyari ba. Babu gari, babu kogi, sai ƴan ƙananan ciyayi da farin dutse har iyakar gani. An gama shimfiɗa hanyar a 1917. Kafin nan mutumin Perth da ke son zuwa gabashin ƙasarsa sai ya shiga jirgin ruwa ya yi kwanaki a kan teku mai haɗari, kuma alkawarin wannan dogo na cikin abin da ya ja yammacin ƙasar ya yarda ya shiga tarayya a 1901. Duk tsawon hanyar daga Port Augusta zuwa Kalgoorlie ba ta ƙetare kogi ko ɗaya mai ruwa rani da damina ba, har ruwan da jiragen gawayi ke sha sai an yi dakonsa. Ma'aikatan da aka zaunar a bakin dogon, wani jirgi ne da suke kira “shayi da sukari” ke kawo musu abinci da nama da albashi, har zuwa 1996. Ƙasa guda aka ɗinke da wannan zare marar ado.

Abin dariya, yau wannan babun ake sayarwa. Jirgin Indian Pacific da ke bi ta nan tsakanin Sydney da Perth ya zama na ƴan hutu, kuɗin kujera ɗaya ya fi albashin malamin lakwal na watanni. Sai ka ga mutum ya biya don ya kalli filin da ko akuya ba ta kiwo a cikinsa, ya dawo yana ba da labari. Haka ma a Moritaniya, jirgin da ke kwaso ƙasar ƙarfe daga Zuwerat zuwa Nuwadibu, kilomita 704 cikin hamada, tun 1963. Talakan yankin na hawa bisa taragon kaya da tumakinsa saboda ba shi da wata hanya, ƙura ta baƙanta shi, sanyin dare ya dake shi. Baƙo kuma na tasowa daga Turai ya hau taragon nan don ya ɗauki hoto. Wannan ya sa nake shakkar kalmar “kyaun kallo” ita kanta. Kamar dai abin da mutum bai saba gani ba ne, kuma yana da tikitin komawa gida.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ba ya barci a mota. Daga Maradi zuwa Tasawa idonsa na waje, yana karanta gonaki kamar yadda nake karanta takardun yara. Wannan ya yi shuka da wuri, wancan bai kai taki ba, ga inda gawo ya yi yawa hatsi ya fi tsawo. Da baƙo ne a kujerar zai ce awa biyu ya yi bai ga komai ba. Alhali abin da ya wuce ta gabansa shi ne sassaben zamani, wanda manoman Maradi da Damagaram suka maido da itatuwa da shi a miliyoyin eka tun daga shekarun 1980, har masana na zuwa daga nesa su gani. Ido ma sai an koya masa.

Ban ce kallo banza ba ne. Yaron da ya zauna bakin taga ya ga yadda ƙasa ke sauya launi, ya ga inda jigawa ta ƙare fadama ta fara, ya koyi abin da ni ba zan iya zana masa a allo ba. Wanda aka zura cikin rami ya yi asarar wannan, kuma asara ce ta gaske. Mutanen Suwis ma ba su tumɓuke tsohon dogonsu ba, yana nan ga mai so. Amma sai da suka sami na aiki suka bar wancan ya zama na nishaɗi.

Mu kuwa ko na aikin ba mu da shi, kuma duwatsu ba su ne suka hana ba. Daga Yamai zuwa Damagaram, in ka cire dallol biyu na yankin Dosso, da kwarin Magiya, da Gulbin Maradi, da koramun da ke yanke hanya da damina, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda injiniyan Gotthard zai yi mafarkinta. Abin da wasu suka kashe miliyoyi suka ƙirƙira a ƙarƙashin dutse, mu kyauta aka ba mu. Duk da haka kowane dogo da ya doso mu sai ya tsaya a ƙofar gida. Na Abijan, wanda har sunansa Abidjan-Niger, ya ƙare a Wagadugu a 1954. Na Kwatano ya tsaya Parakou. Na Najeriya ya iso Kano a 1911, ya miƙa hannu ɗaya Ƙauran Namoda a 1929, ɗaya Nguru a 1930, ya tsaya nan. Gyaɗar kakanninmu a kan raƙuma da jakai da motoci ta riƙa zuwa neman jirgi a ƙasar wasu.

Sai kuma namu na kanmu, Yamai zuwa Dosso, wajen kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa. An yi bikin buɗe shi a Janairun 2016, makonni kaɗan kafin zaɓe. Rikicin shari'a a Benin ya tsayar da ɓangaren da zai haɗa shi da teku, kuma dogon da bai kai tashar ruwa ba, bai kai ma'adinai ba, ba shi da abin ɗauka. Bai taɓa yin jigilar fasinja ta yau da kullum ba. Duk wanda ya bi hanyar Dosso a kar ya gan shi kwance a gefen gudro. In ana neman jirgin da aka yi don kallo kawai, to ga shi nan, sai dai daga waje ake kallonsa.

Shi ya sa nake bin labarin dogon Kano zuwa Maradi da fata da kuma tsoro. Kilomita 284 ne, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na Portugal ke yi. Na tabbata ba zai taɓa shiga jerin masu kyaun kallo ba: gonar hatsi, gonar dawa, dogon yaro, rumbu, sai kuma wata gonar hatsin. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Abin da ya dame ni shi ne kada a kashe hankali wajen gina tasha mai gilashi da za a yanka ƙyalle a gabanta, a manta da tambayoyin da ba su da daɗin ɗauka a hoto. An rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta a 2023. Me aka tanada don kada dogo ya yi tsatsa duk ranar da shugabanni suka ɓata? Wane ne zai riƙa share yashin da iska za ta tara a kansa da bazara, kuma daga wace aljihu? A Jibiya za a sauke fasinja da kayansu a yi awa huɗu ana bincike, ko cikin jirgi za a yi yana tafiya?

Ina son in ga taragon dabbobi, da taragon wake da aya, da wurin da mai albasar Galmi zai sauke buhunansa a inuwa. Ina son kuɗin kujera ya kasance ƙasa da na mota, in ba haka ba ƴar kasuwar da ke zuwa Kantin Kwari sarin atamfa ba za ta shiga ba. Ina son a rubuta lokacin tashi a allo, in an ce ƙarfe bakwai ya zama ƙarfe bakwai, a sa famfo da makewayi da wurin salla a kowace tasha, taga kuma a yi mata labule mai kauri, don wanda ya zauna ta gefen yamma daga azahar zuwa la'asar rufewa zai yi ya kwanta.