Ɗorewa Daban, Sulɓi Daban

Duk wanda ya zauna ajin kalkulas a shekararsa ta farko ya haddace ƙa'idar nan: zanen da ke da sulɓi a wani wuri lalle ɗorarre ne a wurin, amma ɗorewa ba ta tabbatar da sulɓi. Mukan rubuta ta a jarrabawa, a ba mu maki biyu, mu wuce. Ra'ayinmu shi ne ana koyar da ita da son kai. Rabin farko ana kawo masa hujja a kan allo, rabi na biyu kuwa sai a bi ta kansa a gurguje, alhali nan ne amfanin yake.

Domin 'yan'uwanmu na sashen shari'a da na harsuna, bari mu fayyace. Idan an zana yadda wani adadi ke canjawa bisa wani, ana cewa zanen ɗorarre ne in bai yanke ko ya yi tsalle ba. Ana cewa yana da sulɓi a wani ɗigo in yana da gangara guda tak a wurin, watau ko daga hagu aka tunkaro ko daga dama, saurin canjin da za a samu ɗaya ne. Rabin farko ba wuya: motar da ke da takamaiman gudu a wani lokaci ba za ta ɓace daga nan ta ɓullo can ba. Amma a duba zanen y = |x|, mai siffar harafin V. Bai yanke ba ko kaɗan, sai dai a gindinsa gangarar hagu −1 ce, ta dama +1. Wace za a ɗauka? Babu.

Wani zai ce wannan wasan masu alli ne. To, ya je ofishin biyan albashi. Harajin da ake yanka mataki-mataki irin wannan zane ne sak. A ce, don misali kawai, naira 10,000 ta farko ana cire mata kashi 10 cikin ɗari, abin da ya haura kuma kashi 20. Mai samun 10,000 zai biya 1,000. Wanda ya ɗara shi da naira ɗaya zai biya 1,000 da kobo 20, ba 2,000 ba. Gangara ce ta yi tsalle, harajin kansa bai yi ba. Amma sau nawa muka ji ma'aikaci na fargabar ƙarin girma, wai zai shiga sabon mataki albashinsa ya ragu? Ya ɗauki kusurwa ya mai da ita rami. Rami na gaskiya yana wani wuri dabam: alawus ɗin da aka ce ana sokewa ɗungurungum da zarar albashi ya kai kaza. Nan ne ƙarin naira ɗaya ke jawo hasarar ɗaruruwa. Gobe mu ne za mu tsara irin waɗannan dokoki a ma'aikatu, kuma wanda bai bambanta kusurwa da rami ba zai cuci talaka da alƙalaminsa ba da saninsa ba.

Ba ma zargin ɗalibi don ya ruɗe, gama manya ma sun ruɗe. A 1806 Ampère na Faransa ya yi ƙoƙarin kafa hujja cewa zane ɗorarre yana da sulɓi ko'ina sai a 'yan wurare ƙalilan, littattafai kuwa suka yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Sai a 1872 Weierstrass ya gabatar wa majalisar masana ta Balin wani zane wanda bai yanke ko'ina ba, kuma ba shi da sulɓi ko'ina. Ya haɗa shi ne da tara igiyoyin kosain marasa iyaka, kowace ta fi ta bayanta gajarta amma ta fi ta yawan lanƙwasa, har ya zamana duk yadda aka ƙara girman zanen sai a sake cin karo da ƙaiƙayi. Bolzano na birnin Farag ya riga shi da kusan shekara 40, sai dai rubutunsa ya kwanta cikin takardu har bayan 1920. Wasu masana sun kira irin wannan zane dodo. A 1931 Banach da Mazurkiewicz na Folan suka nuna cewa, a wata ma'ana ta lissafi, dodannin ne suka fi yawa, masu sulɓin su ne baƙi. Har ma watangaririyar ƙwayar ƙura cikin ruwa, wadda Brown ya lura da ita a 1827, tsarin da Wiener ya yi mata a 1923 irin wannan hanya ce.

Mun san uzurin malamai: manhaja tana da tsawo, zango gajere ne, injiniya kuma dabarar lissafi yake bukata. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ɗora wa ɗan shekarar farko hujjar Weierstrass ba. Awa ɗaya muke roƙo, wadda za a zana kusurwa da rami gefe da gefe, a kawo jadawalin haraji na gaske a auna shi. Kana a jarrabawa, maimakon "faɗi ƙa'ida", a ce wa ɗalibi ya kawo zane nasa na kansa, wanda ba |x| ba, ya nuna inda sulɓinsa ya ƙare da dalilin haka.