Wanda ya saida gona ya saida rumbu

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Tsibiri, ko ya nufi kudu wajen Jiratawa, zai ga abin da ya isa a tsaya a yi tunani. Wuraren da a da ake ganin hatsi da dawa da gujiya, yau an kakkafa musu duwatsun siminti, an yanka su fili-fili. Birni yana cin gona, kuma sau da yawa masu gonar ne da kansu ke miƙa ta.

Buɗawar birni ba abin mamaki ba ce. Tun bayan ambaliyar 1945, wadda ta rushe tsohon gari a bakin Gulbi har aka hau da shi bisa tudu, Maraɗi ba ta daina girma ba. Ƙidayar 1977 ta samu mutum wajen dubu 45 a garin. A 1988 sun kai wajen dubu 110. A 2012 sun wuce dubu 267. Kowane magidanci yana buƙatar inda zai aje iyalinsa, wannan babu gardama. Amma mai neman ɗaki shi ne kuma mai neman tuwo. Jama'a na ƙaruwa, ƙasa kuwa tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta.

A ɗauki misalin maigida mai gandu na hekta 6, wanda ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 4 da mata 4. Bayan an fid da tumunin matarsa, namiji ba zai samu cikakken hekta ɗaya ba, mace kuwa rabin nasa. Gonar da ta ci da gida ɗaya, yanzu gidaje da dama ke kallonta. A nan ne mai saye yake bayyana, kuma ya san lokacin zuwa: ran da aure ya matso, ko aka kwantar da wani a likita, ko saurayi ya ƙwallafa rai ga babur na kabu-kabu. Kuɗin sukan yi yawa a ido ranar da aka ƙirga su. Kafin damana biyu sun ƙare, maigida ya koma awon tiya a kasuwa, ko ƙwadago a gonar wani.

Mutanen Maraɗi sun fi kowa sanin haɗarin dogara ga kasuwa kaɗai. Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986. Ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Ba a shawarci mai gona ba, ba a shawarci mai awo ba, amma kowa ya ji a tukunyarsa. Haka a 2005, lokacin da tsadar hatsi ta cika gidajen jinyar yara a jahar nan. A duk waɗannan shekaru, mai ɗan abu a rumbu ya wahala, amma bai kai wanda ba shi da ko zangarniya ba.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su in ana ciniki, wato mata. Bisa al'ada, maigida yakan yanka wa matarsa gamana, ta noma abin da za ta yi cefane da sutura da bikin 'yan uwa. Da gonaki suka ƙanƙance a kudancin jahar, gamana ce ta fara ɓacewa. A gidaje da yawa kuma ba a ba 'ya mace rabonta na gado, sai a ce yana hannun 'yan uwanta maza. In aka saida gonar, haƙƙinta ya tafi ke nan, ita ba ta sani ba. Wannan zalunci ne, addini bai yarda da shi ba.

Wani zai ce ai ba a saida gona don marmari, tilas ce. Gaskiya ne. Wanda ɗansa ke kwance ba shi jin wa'azi. Shi ya sa zargin talaka kaɗai ba zai gyara kome ba. Sai an buɗe masa wata ƙofa kafin a ce kada ya bi wannan. Rumbun tsimi na gari, da asusun mata, da bashin da ake ba manomi bisa amfanin da ya aje a sito, duka suna hana mutum saida abin shekara ɗari don matsalar wata ɗaya. Rage almubazzarancin biki kuwa ba shi buƙatar ko dala.

Ƙaramar gona ma tana iya ci da gida in an kula da ita, kuma shaidar haka tana nan kusa. A Jiratawa, fadamar da aka gyara a farkon shekarun 1980, mai faɗin hekta sama da 500, tana ba da amfani rani da damana, kuma zogalen wurin ya yi suna a kasuwanni. A jahar Maraɗi ne kuma aka fara sassaben zamani a 1983, inda manomi ke barin tohon itace ya girma a gonarsa maimakon ya sare. Gawo yana zubar da ganye da damana, ya taki ƙasa, ya ba dabba abinci da rani. Wannan dabara ta manoman Nijar har ƙasashen waje sun zo koyonta.

Saura aikin hukuma. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da gonaki, waɗanda ake kira Kofo, domin a riƙa rubuta saye da jingina da aro da gado. Ya kamata magadan gari da sarakuna da ma'aikatan gidan gona su tsaya a kan abu biyu. Na farko, kada a yanka fili a ƙasar fadamar Gulbi, domin tudu yana karɓar gini, amma fadama ba ta da magaji. Na biyu, kada a sa hannu ga cinikin gonar gado sai an ji bakin dukan magada, har da mata. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a Fabrairu 2021, za ta ƙara jawo masu neman fili. Gara a ɗaure kaya tun iska ba ta taso ba.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da nasu rabon aikin. Su ne za su karanta wa iyaye da maƙwabta takarda kafin a dangwala yatsa, su tambayi iyaka, su tambayi shaidu, su bambanta jingina da saye. Karatun da ya tsare gonar gida ya biya wahalar da aka sha a kansa.

Kuɗi baƙo ne, gona kuwa 'yar gida ce. Allah ya kawo damana mai albarka, ya bar wa kowa abin da zai bar wa na baya.