Ƙwannafi: Jiƙon Kanwa Ba Shi Ne Mafita Ba

Ƙwannafi zafi ne da ke tasowa daga ƙirji zuwa maƙogwaro, sau da yawa tare da ɗanɗanon tsami a baki. Yana aukuwa ne idan ruwan da ke narkar da abinci ya taso daga tumbi ya yo sama.

A ƙasar Bukkuyum, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, an saba kashe wannan zafi da jiƙon kanwa. Kanwa kan kwantar da shi na ɗan lokaci, amma ba ta kawar da musabbabinsa, kuma yawan shanta na iya cutar da ƙoda. Wanda ƙwannafi ke damunsa sau 2 ko fiye a mako, gyaran cimarsa ya fi masa amfani. Ya rage yaji da maiƙo da goro, ya bar taba, ya daina cika ciki. Ya bari awa 3 ta wuce tsakanin tuwon dare da kwanciya, sannan ya ɗaga wajen kan gadonsa, ya kwanta ta ɓangaren hagu.

Abin lura shi ne, ba kowane ciwo ne ƙwannafi ba. Gubar dalmar da aka gano a ƙauyukan Bukkuyum da Anka a 2010 tana haddasa ciwon ciki. Haka kuma wahalar haɗiya, aman jini, baƙin bayan gida ko rama alamu ne na a garzaya asibiti.

Malamin makaranta yana da bakin da ake saurare a karkara. Wajibinsa ne ya isar da wannan faɗakarwa, domin rigakafi ya fi magani.